Shekarar da Tuji Ya Ci Taki

A gidanmu ba a awo. Haka na tarar, haka na riƙe. Ubana ya mutu bai taɓa tsayawa gaban ma'auni da buhu a hannu ba, ni ma na haura saba'in ban tsaya ba. An yi shekarun fari, an yi shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi yana tsakiyar ido, duk daga rumbunmu muka ci har sabo ya shigo. Sunana Wada. A ƙauyenmu, kudu da Tudun Wada a kan hanyar Doguwa, idan ka tambayi gidan da ba a sayen hatsi za a nuna maka ƙofata. Ba ni da sarauta, ba ni da karatu sai na salla da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wannan ɗin shi ne abin da nake da shi.

Bana rumbun ya shiga damina da rauni. Masarar bara ba ta yi yadda ta saba ba, dawa ma haka. Da na leƙa bayan an gama shuka, na ga abin da ya rage zai kai mu sabuwar masara, amma sai an tsuke hannu. Na gaya wa matata Saude. Ta ce ta riga ni sani, tun da ita ke surfe.

Gonar ta gado ce, jar ƙasa, tana gangarawa zuwa rafi. Autana Mas'ud ne ke riƙe da aikinta yanzu, shi kaɗai ya rage a gida cikin maza, sauran suna Kano. Ni gwiwoyina sun gaji. Ina zuwa in tsaya a bakin gona in ce a yi kaza, a bar kaza.

Mun daɗe da ajiye hauya muka koma feshi. Da farko ban so ba. Amma na ga mutum ɗaya da tanki a baya ya gama kafin azahar aikin da a da sai an tara jama'a. Harkiya ta ƙone, gude-gude ya ƙone, kyasuwa ta ƙone, gona ta yi fes. Sai na haƙura. Kowace shekara magani iri ɗaya ake sayowa, don ni ba na son canje-canje. Abin da ya yi aiki bara shi za a kawo bana.

Tuji kuwa kowa ya san shi. Ciyawar bakin hanya ce, inda ake takawa, yana kwanciya a ƙasa kamar an buɗe tafin hannu, saiwarsa sai ka sa ƙarfi kafin ta fita. A da ba ma sa shi cikin lissafin abokan gaba. Wasu shekaru baya na fara ganin ɗaiɗaikunsa a gefen rafi bayan an yi feshi, kore shar a tsakiyar busasshiyar ciyawa. Na ce Mas'ud ne ya tsallake wurin. Shekara ta zagayo, wurin ya faɗaɗa. Na ce ya yi ganganci wajen haɗa magani, ya rantse bai yi ba. Bara tuji ya hauro har tsakiyar gona. Bana tare ya tsiro da masara, kunya bayan kunya, kamar wani ya bi sawunmu yana shukawa.

Mas'ud ya fesa. Bayan kwanaki sauran ciyawa ta mutu, tuji ya yi rawaya ya kwanta. Muka ce shi ma ya tafi. A da ƙa'ida ita ce ba a zuba taki sai an gama noman firi, wato noman farko, ƙasa ta fito tas. Yanzu da babu firi, rawayar ciyawa ce ta zama alama. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, na ce a zuba takin kamfa. Aka bi gindi-gindi aka zuba.

Mako bai cika ba tuji ya miƙe, kuma ba irin miƙewar da na sani ba. Ganyensa ya yi kore har yana baƙi-baƙi, ya yi faɗi, kowane gindi ya yi 'ya'ya ya cika kwarin kunya. Masara kuwa ta tsaya cak, ganyen ƙasa ya fara rawaya daga baki. Masarar da ta yi rawaya yunwa take ji, wannan kowane manomi ya sani. Na ce a fito da yuriyar da muka ajiye don gaba a ba ta. Mas'ud ya ce ko a bari a sake feshi tukuna a ga. Na ce a yi duka biyun. Ya ninka magani ya fesa, har ya ƙona bakin ganyen masarar, sannan aka zuba yuriya. Tuji ya sake yin rawaya na 'yan kwanaki kamar mai zazzaɓi, ya warware. A wannan karon ya kai gwiwa. Tujin da na sani tun ina yaro da ƙyar yake wuce idon sawu.

Mas'ud ya kawo malamin gona ba tare da ya tambaye ni ba. Sunansa Muzammil, mutumin Bebeji ne, siriri, da dogon takalmin roba. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, don haka ban kore shi ba. Na tambaye shi ko maganin jabu aka sayar mana. Ya duba robar, ya shinshina, ya dubi sauran ciyawar da ta ƙone, ya ce maganin lafiyarsa ƙalau. Na so a ce jabu ne. Da na san ƙofar da zan je in yi faɗa.

Ya karɓi fartanya ya haƙo gindin masara ɗaya tare da tujin da ke jikinsa, ya kai rafi ya wanke, ya kawo min. Saiwar masara 'yar kaɗan ce, ta yi ja-ja. Ta tuji fara ce sol, cunkus kamar soson wanka, ta nannaɗe ta masarar ta ko'ina. Ya ce saiwar tuji a sama-sama take yawo, daidai inda taki ke narkewa, kuma tana riga masara sha. Yawancin abin da muka zuba, kamfa da yuriya, tuji ne ya ci. Da ya ƙoshi ya yi tsawo, ya kuma tare mata iska da rana.

Sai ya ce, "Baba, yaya kake zaɓen irin masararka?"

Na ce wace irin tambaya ce wannan. Ina ware manyan goyo masu cikakken ido in rataye inda hayaƙi ke samunsu, ƙananan a ci.

"To haka maganin nan ya yi wa tuji. Duk shekara yana kashe raunana, ya bar wanda ya fi ƙarfinsa. Wanda ya bari shi ke zubar da iri. Shekara da shekaru magani ɗaya. Yanzu jikokin masu ƙarfin ne zalla a gonarka."

Ba na son a tsaya a gonata ana yi min bayanin noma, amma ban ji ƙarya a maganarsa ba. Ya ce babu wani magani da zai iya ba ni a yanzu wanda zai kashe tuji ya bar masara. Hauya ce kawai, kuma a yi kafin tuji ya fitar da kai, don idan ya zubar da iri baɗi sai ta fi bana muni. Ya kawo zancen a sa waken suya baɗi, a canza magani, a haɗa da noman hannu. Na ce masa tukuna mu ga ƙarshen bana.

Na sa Mas'ud ya jawo hauyoyin gidan daga ƙarƙashin rumbu. Duk sun yi tsatsa, gara ta cinye ƙotocin. Muka gyara biyu. Washegari ya shiga gona shi kaɗai. Tuji ba ya yankuwa kamar sauran ciyawa, idan ka sare sama ka bar gindi aikin banza ka yi, sai ka tono shi ɗungurungum. Da yamma ya dawo tafin hannunsa ya yi bororo, abin da ya nome kuwa idan ka tsaya a bakin gona ba za ka lura ba. Ni ma na kama kunya ɗaya. Ban kai ƙarshenta ba na zauna. Aka nemi 'yan ƙwadago, babu. Masu ƙarfin suna ramukan haƙar ma'adinai na Riruwai ko gonakin shinkafa na Tiga, waɗanda suka rage feshi kawai suka iya.

Na ce za a yi gayya.

Mas'ud ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Shi bai taɓa ganin gayya ba sai a labari. Na ce masa ni na yi wa rabin garin nan gayya da hannuna, na yi wa iyayensu, babu gonar da zufata ba ta zuba a cikinta ba. Na sayi goro na bi gida-gida da ƙafata. Duk inda na shiga aka shimfiɗa min tabarma, aka kira samarin gidan suka durƙusa, aka karɓi goro. Babu wanda ya ce min a'a. Na je gidan mai gangar noma, na tarar ɗansa gyaran waya yake a Tudun Wada, gangar uban tana rataye a zaure fatarta a yage. Na ce ba komai, a yi ba kiɗa.

Mutum ɗaya ne ya yi min dariya a fuska, Badamasi, taubashina, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba, tsufa bai rage masa komai ba.

"Gayya? Wada, barci ka yi tun zamanin gyaɗa, yau ka farka?"

Na ce idan ba zai zo ba ya dawo min da gorona. Ya jefa shi a baki, ya ce zai zo ko don ya ga wanda zai zo.

Ana gobe gayya na hau rumbu na fara sauko da dammunan dawa. Saude tana tsaye a ƙasa tana karɓa. Da ta ga ban tsaya ba, sai ta daina miƙo hannu.

"Malam, a dafa kaɗan tukuna. Idan sun taru sai a ƙara."

"A gidan nan ba a taɓa cewa ɗan gayya ya jira tukunya ba."

"Idan aka dafa wannan, ba za mu ga sabuwar masara da hatsinmu ba."

Na ce mata na sani. Amma idan aka share gonar a yini ɗaya masara za ta farfaɗo ta yi sauri, sauran kwanakin mu lallaɓa da kunu. Idan kuwa gonar ta tafi, baɗi ma rumbun ba zai ga komai ba. Sannan abincin gayya ba a yin sa da ƙoro. Wanda ya bar gonarsa ya zo taka, zai ci ya ƙoshi har ya bar saura, in ba haka ba sunan gidan ne zai yi yawo a bakin mutane. Haka ubana ya yi, haka na gani. Ta kira matan maƙwabta aka yi sussuka, aka surfa, aka kai inji. Aka aro manyan tukwanen biki. Aka kirɓa fura, aka jiƙa gasarar kunu.

Ranar gayya, ina idar da sallar asuba na tafi gona na zauna a gindin ɗorawa. Gari ya yi luf da hadari, babu rana mai zafi, irin ranar da ake so. Mas'ud ya kawo tulun kunu ya ajiye.

Badamasi ne ya fara zuwa, da wata hauya da ta cinye har ta koma kamar cokali. Bayansa Maikano, Bafulatanin da shanunsa ke kwana a gonata kowane rani, shi ma yana nomansa a bayan ruga. Sai yayan limaminmu, mai tari. Sai wasu dattawa biyu daga unguwar gabas. Duk wanda ya zo gemunsa fari ne. Muka gaisa, muka sha kunu, muka ɗan jira.

Rana ta ɗaga. Babura suna wucewa a kan hanya, samari bibbiyu a kai, sun nufi Riruwai. Wasu suka ɗaga min hannu. Ɗaya ya tsaya ya sauko ya durƙusa, ya ce in yi haƙuri, tasu gonar ma tujin ya kama, an ce akwai wani sabon magani a Doguwa za shi ya nemo. Can sai ga wani saurayi ya taho da tankin feshi a bayansa, yana murmushi. Shi a zatonsa gayyar feshi ce. Da aka ce ta hauya ce, ya ce gidansu babu hauya. Badamasi ya miƙa masa tasa, ya ce ya gwada ya ji ko tana cizo. Saurayin ya sare gindi uku ko huɗu, ya sha kunu, ya ce zai je ya dawo.

Na tashi na ce mu fara.

Muka jeru, Mas'ud a gaba, mu a baya kamar tsofaffin jakuna. A da idan aka jera a gayya ƙura ce ke tashi, ganga na kiran sunan mutum da na ubansa, kowa na son ya riga na kusa da shi fita kunya. Ranar babu abin da kake ji sai nishi da tarin yayan liman. Kowane gindin tuji sai ka sara ta nan, ka sara ta can, ka sa hannu ka fizgo, ya fito da ƙasa dunƙule guda. Wani lokaci ya fito har da masarar.

Badamasi ya ɗaga wani gindi mai kauri yana jujjuya shi, ya ce takina ya karɓi tuji ƙwarai, in gaya masa inda na saya ya ba matarsa ko za ta yi ƙiba. Maikano ya ce shi tunda yake kiwo bai taɓa ganin ciyawa mai maiƙo haka ba, in ba shi izini ya kwasa wa maruƙansa. Na ce kada ya kuskura, sau biyu aka shayar da ita guba.

Ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya ce, "To abin da guba bai kashe ba, Malam Wada, shi ka kira ni in kashe da wannan bayan nawa?"

Aka yi dariya, har ni. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don numfashi take ci.

Da hantsi ya dubi ludayi abinci ya iso. Na hango su daga nesa, mata a jere a kan 'yar hanya, kowace da kaya a ka: fantekun tuwo, tukwanen miyar kuka, ƙoren fura. Saude ce a gaba. Da ta iso bakin gona ta tsaya, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ta duba gabas ta duba yamma ko akwai wasu a ƙasan rafi. Sannan ta sauke kayanta a gindin ɗorawa, ta ce wa matan su sauke. Ba ta dube ni ba. Aka jera abinci har inuwar ta cika, wani yana rana.

Muka wanke hannu muka zauna. Fanteka ɗaya ta ishe mu har ta yi saura. Badamasi ya daɗe yana kallon sauran kafin ya sa hannu.

"Wannan duk daga rumbu?"

"Daga ina kake so ya fito?"

Ya ci kaɗan, ya sha fura, ya riga kowa tashi ya koma kan kunyarsa. Daga nan har la'asar ban ƙara jin ya tsokani kowa ba. Mutum ne da ya girme ni, kuma an taɓa yi masa aiki a ciki. Sau biyu na ce ya zauna, ya yi kamar bai ji ba.

Da la'asar sakaliya muka tsaya, don an ɗauki yayan liman a babur an kai shi gida, sauran kuma hannu ya daina riƙe ƙota. Abin da muka nome bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba, ta wajen tudu. Sai da muka kwashe tujin da muka tono muka fitar da shi bakin hanya, don idan aka bar shi a kwari aka yi ruwa, zai sake kama ƙasa. Na yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya. Maikano ya ce in daina, shi kunya yake ji.

Aka mayar da abinci gida yadda aka kawo shi. Tuwo ba ya komawa rumbu. Saude ta tambaye ni yadda za a yi da shi, na ce a raba gida-gida. Ta ce har gidajen da ba su zo ba? Na ce su aka dafa wa, su ci. Aka raba, aka yi ɗumame washegari da jibi, duk da haka da saura. Ta yayyanka wani ta shanya a tabarma, amma damina ce, rana ba ta tsayawa, ya yi funfuna. Kaji suka ci, awaki suka ci, aka zubar da sauran a juji.

Bayan nan ni da Mas'ud muka ci gaba, kullum da safe. Shi yana noma, ni ina bin sa ina kwashewa, in na gaji in zauna a kan kunya. Badamasi ya zo wasu ranakun, har ɗansa ya zo ya roƙe ni in hana shi. Muna cin gaba kaɗan-kaɗan, tuji kuwa ba ya jiran kowa. Wata safiya na tarar ya fitar da kai a duk ƙasan gonar, yatsu-yatsu kamar ƙafar kaza. Na murza ɗaya a tafin hannu, iri ya zubo, ƙanana kamar yashi. Na ce wa Mas'ud ya ajiye hauyar haka nan. Ya ce ko a yanke kawunan da lauje a ƙone. Muka yi na yini biyu, wanda muke taɓawa yana zubewa kafin ya kai buhu.

Inda aka nome masara ta ɗan yi kore, amma tana neman abinci kuma babu takin da za a ba ta, an riga an zuba duka. Ta makara wajen goyo, goyon kuma bai fi tsawon yatsa da rabi ba. A ƙasan gonar kuwa karan ya tsaya siriri, wani ko goyon bai yi ba. Maƙwabta da suka yi shuka tare da mu, waɗanda tujin bai ci ƙarfinsu ba tukuna, sun fara gasa ɗanya. Tamu da saura.

Kunu muka koma, safe da rana, tuwo sai dare. Daga baya tuwon ma ya zama na kwana bibbiyu. Matar Mas'ud tana shayarwa, na ga yadda wuyanta ya zama. Na hana a gaya wa yayyensa na Kano, don abin da za su aiko ma daga kasuwa zai fito. Ranar da na shiga rumbu da tsintsiya na share ƙasansa na miƙo wa Saude a ƙwarya, ta auna da ido ta ce wannan na gobe ne, jibi babu.

Mas'ud ya same ni a zaure bayan magariba. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce shi zai iya hawa babur ya je Doguwa, can ba a san shi sosai ba, ya sayo ya shigo da shi ta ƙofar baya cikin buhun taki. Babu wanda zai sani.

Na ce, "Ni zan sani."

Na ce ya kama tunkiyar nan mai baƙin kunne, gobe kasuwar Tudun Wada, tare za mu.

Muka sayar da tunkiya da wuri. Na ce wa Mas'ud ya tsaya wajen babur, na ninke buhu na sa a hammata na shiga layin 'yan hatsi. Rabona da layin nan ba kaya a bayana, ban san rana ba. Na wuce rumfunan baƙin fuska na tsaya a ta Ubale. Ubale ma'auni ne, kowace kaka yana zuwa har ƙofar gidana yana lallashi in sayar masa da rarar masara, wani lokaci in ba shi, wani lokaci in ce ya dawo.

Da ya gan ni ya miƙe da sauri ya kakkaɓe buhun da yake zaune a kai. "Baba Wada da kansa. Sannu da zuwa, Baba. Har sabuwa ta fito? Ina kayan?" Yana leƙa bayana.

Na zaro buhun na warware shi. "Dawa nake so."

Ya dubi buhun, ya dube ni, ya dubi mutanen da ke rumfar. Akwai 'yan garinmu biyu a ciki, ɗaya ma na kai goro gidansu. Ubale ya matso ya rage murya, ya ce in koma gida in huta, zai aiko min da ita bayan magariba, ba sai na tsaya a rana ba.

"Auna a nan."

Ya ɗauki kwano. Hannunsa ba ya sauri kamar yadda na san shi. Na riƙe bakin buhu da kaina, yana zubawa. Ya cika kwanon ya yi masa tozo, ya ƙara da tafin hannu. Na ce ya auna min yadda yake auna wa kowa. Ya share tozon. 'Yan garinmu suka gaishe ni, na amsa, suka tambayi gida, na ce lafiya. Ɗayan ya fara zancen ranar gayya, wai ɗansa ne ba shi da lafiya. Na ce Allah ya ba shi sauƙi.

Na ɗebi dawar a hannu na duba. Tsohuwa ce, ƙwari sun fara huda ta, ga tsakuwa. Na biya, na ɗaure bakin buhu. Ubale ya ce a ɗaukar min, na ce a bari. Na kai shi har wajen babur a kafaɗa, ina tsayawa ina hutawa.

A hanyar dawowa sai an bi ta gefen gonarmu. Mas'ud ya rage gudu da muka zo daidai ɗorawar. Na ce ya wuce.

Ta ƙofar gaba muka shiga da buhun. Saude ta kwance shi ta zuba a faifai, ta zauna a bakin ɗaki ta fara tsinta. Ba ta tambaye ni rumfar wa na je ba, ko wa ya gan ni. Na zauna a kan turmi na cire takalmi, ƙafafuna sun kumbura. Can ta ce tsakuwar da yawa. Na ce ta tsince a hankali, haƙoran da suka rage min ba su da yawa.